Wa'adin Kotu Yana Ƙarewa, Haƙƙin Magini Ba Ya Faɗuwa

A lungunan cikin birnin Kano, daga Yakasai zuwa Mandawari, gidajen ƙasa suna ta komawa na bulo da siminti. Sai dai akasarin wannan aiki da baki ake ƙulla shi. Magini ya gama, mai gida ya tare, ragowar kuɗi kuma a ce sai an samu sarari. Kunya da zumunci su hana shi tuni, shekaru su yi ta tafiya.

Abin da magina da yawa ba su sani ba shi ne, dokar ƙasa ba ta san kara ba. Dokokin jihohin Nijeriya sun yanka wa'adin shigar da ƙara kan bashin kwangila, galibi shekara 5 ko 6 daga ranar da biya ya wajaba. Idan ya wuce, wanda ake bi yana iya kafa hujja da shi, kotu ta ƙi sauraron ƙarar, ko da kowa ya san gaskiyar magini. Amma idan ya amsa bashin a rubuce ya sa hannu, ko ya biya wani sashe, kafin wa'adin ya cika, ƙidaya tana komawa farko.

Fiƙihun Malikiyya ma ya san tasirin dogon shiru. Risala ta Ibn Abi Zaid ta yi bayanin hauzi: wanda yana gari, yana kallon bare ya riƙe gida shekara 10 bai yi magana ba, ba a sauraron da'awarsa. To amma rufe ƙofar alƙali daban, sauke nauyi daban. Bashi yana nan a wuyan mai shi har ya biya ko a yafe masa, kuma ana fitar da shi kafin rabon gado. Annabi (SAW) ya kira jinkirin mawadaci wajen biya zalunci, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito.

Don haka, ya kai magini, rubuta yarjejeniya ba rashin yarda ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ita ce ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu. Kai kuma mai gida, kada ka fake da lauya. Rufin da kake kwana a ƙarƙashinsa gumin wani ne. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin bayinSa.