Ƙuri'ar Masu Kishin Muhalli

Manomin da ke noman rani a Wasai ta Minjibir ya san ƙazantar da kogin Jakara ke kwasowa daga birnin Kano, amma kukansa bai cika isa majalisa ba. Tsarin zaɓe na da hannu a ciki. A mazaɓar Minjibir da Ungogo, wanda ya fi ƙuri'a ke ɗauke kujera, sauran su tashi a tutar babu. A Jamus kuwa gwargwadon ƙuri'a ake rabo, shi ya sa jam'iyyar kare muhalli ta shiga majalisa a 1983 da kashi 5.6 cikin ɗari kacal. Takwararta ta Birtaniya, mai tsari irin na Nijeriya, ta tara ƙuri'a sama da miliyan a 2015, kujera ɗaya tak. Sai a 2024, da ta tattara ƙarfinta kan mazaɓu huɗu, ta cinye su duka. Masu kishin Jakara gara su fara neman kujerar kansilan Wasai.