SHARHI: Hoton hancin yaro: Wanne ya kamata a yi, kuma wa zai biya?

Da zarar hunturu ya kankama, ƙura ta lulluɓe Abuja tun daga Nyanya har Kubwa, sai layin sashen yara a asibitoci ya cika da masu toshewar hanci. Akasarinsu mura ce da ke wucewa cikin kwana goma. Amma akwai yaron da nasa ba ya wucewa. Yana kwana baki buɗe, yana minshari kamar dattijo, numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, gari ya waye ya tafi makaranta yana gyangyaɗi. Irin wannan yaron ne ake rubuta wa takardar hoto, kuma daga nan ne ma'aikacin gwamnati ke shiga tsaka mai wuya tsakanin likita da kamfanin inshora da aljihunsa.

Abin da likita ya fi zargi a irin wannan hali shi ne kumburin wani nama da ke can bayan hanci, wanda ake kira adinoyid. Kowane yaro na da shi. Yakan kai ƙarshen girmansa tsakanin shekara uku zuwa bakwai, sannan ya riƙa motsewa yayin da ake dosar balaga. Idan ya cika girma sai ya tare hanyar iska, ya kuma toshe mashigar da ta haɗa hanci da kunne, har ruwa ya taru a kunnen yaro jinsa ya ragu. Ba a hango shi ta baki, shi ya sa wasu iyaye ke ɗora laifin a kan beli su nufi wurin wanzami. Cire beli ba ya taɓa wannan naman, sai dai ya ƙara wa yaron haɗarin zubar jini da kamuwa da cuta.

Hanya uku ce ake bi a gan shi. Ta farko hoton eksire da ake ɗauka ta gefen wuya. Yana da araha, ana samunsa kusan ko'ina, hasken radiyeshan ɗinsa kuma kaɗan ne. Tun 1979 wani likita mai suna Fujioka da abokan aikinsa suka fitar da ma'aunin da ake bi har yau: a gwada kaurin naman da faɗin hanyar iska, idan ya cinye fiye da kashi 80 cikin 100 a ce ya kumbura. Rauninsa shi ne, inuwa ce kawai ta fuska ɗaya. Idan yaron ya yi kuka, ko ya haɗiye yawu, ko ya karkata kai, sakamakon na iya sauyawa.

Ta biyu ita ce siririn bututu mai kyamara da likitan kunne da hanci da maƙogwaro ke zurawa ta hanci bayan ya fesa maganin kashe zafi. Cikin 'yan mintoci yake ganin naman ido da ido, ba tare da radiyeshan ba. Masana sun fi amincewa da wannan hanya. Ta uku ita ce siti-sikan, wadda ke yanka hoton kai dalla-dalla, ta fi sauran tsada, ta kuma fi su yawan radiyeshan nesa ba kusa ba.

A nan ne matsalar take. Mutane da dama na ɗaukar cewa hoton da ya fi tsada shi ya fi faɗin gaskiya, har mai hali yakan nemi a yi wa ɗansa siti-sikan tun likita bai nema ba. Jikin yaro kuwa ya fi na babba jin radiyeshan, ga shi yana da shekaru masu yawa a gaba da illar za ta iya bayyana. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2012, wanda ya bi sawun yara da matasa kusan 180,000 a Birtaniya, ya ƙiyasta cewa cikin kowane hoton kai 10,000 da aka yi wa 'yan ƙasa da shekara goma, za a iya samun ƙarin mutum ɗaya mai sankarar jini da ɗaya mai ƙari a ƙwaƙwalwa a shekaru goman da ke biye. Haɗarin ƙarami ne, bai kai a guji hoton da ake buƙata ba, amma ya isa a daina yin wanda ba a buƙata. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma, a ƙa'idojinta na 2013, ta hana ɗaukar hoto saboda kumburin kogunan hanci da bai rikiɗe ba, domin ko mura kaɗai na iya sa hoton ya nuna kamar akwai cuta.

Siti-sikan na da muhallinsa. Idan ciwon ya kumbura idon yaro, ko ana tsoron ya haura ƙwaƙwalwa, ko jariri ya zo duniya da hanci a toshe ta baya, ko matashi na yawan haɓo ta kafa ɗaya, jinkirta hoton shi ne kuskure. Haka kuma majina mai wari ta kafar hanci ɗaya takan nuna yaro ya cusa wani abu. Ƙwayar masara da gyaɗa da soso ba sa fitowa a eksire, sai an leƙa. Ƙaramin batirin agogo yana fitowa, kuma cikin 'yan sa'o'i yake ƙona naman hanci, don haka ba ya jiran takardar kowa.

Abin takaicin shi ne, sau da yawa tsari ne ke zaɓa wa yaro hoto. Bututun kyamara na buƙatar ƙwararren likita, su kuwa ba su da yawa, sun taru a manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙasa na Abuja, Asibitin Koyarwa na Gwagwalada da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ga kuma ficewar likitoci zuwa ƙetare. Inshorar ma'aikatan tarayya ta ƙunshi ma'aikaci da abokin zamansa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, amma kafin a ga ƙwararre sai asibitin farko ya tura, kamfanin inshora ya ba da lambar izini. Uban da ya gaji da jira yakan ɗauki ɗansa zuwa cibiyar hoto mai zaman kanta, ya biya daga aljihu, a yi masa abin da na'urar wurin ke iyawa.

Gwamnati ta taɓa wani ɓangare na matsalar. Dokar NHIA da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta inshorar lafiya, a 2025 kuma hukumar ta umarci kamfanonin inshora su riƙa ba da lambar izini cikin sa'a ɗaya. Sai dai saurin izini bai amsa tambayar wane hoto ya dace ba. Hukumar NNRA ce ke ba da lasisin na'urorin radiyeshan, akwai kuma hukumar da ke rajistar masu ɗaukar hoton, amma uba ba shi da hanyar sanin ko an rage ƙarfin na'ura daidai da jikin ɗan shekara huɗu, ko kuwa an bar ta a ma'aunin manya.

Gyaran na hannun waɗanda ke rubuta takardun da ministoci da 'yan majalisa ke sa wa hannu. Ana buƙatar ƙa'ida ɗaya ta ƙasa kan hoton yara, wadda inshora za ta ɗaura biyan kuɗi a kanta. Ana buƙatar bututun kyamara da horo a manyan asibitocin gundumomi irin na Wuse da Asokoro da Kubwa, domin kuɗinsa bai kama ƙafar na siti-sikan ba. Ya kamata kuma a wajabta rubuta adadin radiyeshan a jikin kowane sakamako.

Kafin a kai ga haka, iyaye na da 'yancin tambayar likita abu uku: me hoton zai nuna wanda dubawa ba ta nuna ba, ko akwai hanyar da ba ta da radiyeshan, da kuma ko sakamakon zai sauya maganin. Su kuma adana tsofaffin hotuna, domin sau da yawa ana maimaita hoto ne kawai saboda na baya ya ɓata.