SHARHI: Me ke fusata masu kallo idan fim mai dogon zango ya sauya alƙibla?

Tun da fina-finai masu dogon zango suka karɓe kasuwar Kannywood daga hannun faifan bidiyo, wata muhawara ta samu gindin zama a Arewa: labarin da aka shafe shekaru ana bi mako-mako, na wane ne? Na mai shirya shi ko na mai kallonsa? A Minna, inda Hausa ce harshen kasuwa tsakanin Gbagyi da Nufawa da Hausawa, ana jin wannan cacar baki a majalisun Tunga da Bosso da shagunan masu tura fim a waya. Ma'aikacin da ke barin Abuja ranar Juma'a ya bi ta Suleja zuwa gida yakan tarar da ita a tsakar gidansa.

Shirin Labarina na darakta Aminu Saira, wanda ya fara fita a 2020, shi ne misali mafi kusa. Masu kallo sun kamu da labarin Sumayya, wadda Nafisa Abdullahi ta fito a matsayinta, da Mahmud na Nuhu Abdullahi, da Baba Ɗan Audu na Rabi'u Rikadawa. A 2022 Nafisa ta bar shirin, Fati Washa ta ɗauki matsayin Sumayya. Daga baya aka buɗe sabon labari kacokan a ƙarƙashin tsohon suna, inda Sadiq Sani Sadiq ya fito a matsayin Mainasara. Kowane sauyi ya raba kan masoya. Wasu sun ce an sabunta shirin kafin ya gundure su. Wasu kuma sun ce an ba su sabuwar miya a tsohon kwano, ba tare da an tambaye su ko sun ƙoshi da ta farko ba.

Ba sauyin kansa ne ke ɓata wa mai kallo rai ba. Shirin Kwana Casa'in, wanda tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2019, ya sauya gwamna a jihar Alfawa ta cikin labarin: Malam Adamu na Ado Ahmad Gidan Dabino ya kayar da Bawa Maikada na Sani Mu'azu. Wannan babban juyi ne, amma daga cikin labarin ya tsiro, domin shirin siyasa ne, kuma mulki a siyasa juyi-juyi ne. Haka Daɗin Kowa, da ya lashe kyautar AMVCA a 2016, an gina shi ne a kan gari guda ba a kan mutum guda ba. A gari kuwa ana haihuwa, ana mutuwa, baƙi na zuwa, wasu na ƙaura. Inda ake samun tangarɗa shi ne lokacin da mai kallo ya hango cewa dalilin sauyin yana bayan kyamara: jarumi ya tafi, kuɗi sun tsaya, ko hukuma ta sa baki.

Wannan matsala ta girmi Kannywood. Shirin Doctor Who na BBC, almarar kimiyya ce ta wani matafiyi mai ratsa zamani da duniyoyi, an fara shi ranar 23 ga Nuwamban 1963. A 1966 rashin lafiya ta tilasta wa jarumin farko, William Hartnell, ajiye aiki. Maimakon a rufe shirin, marubutan sun ƙirƙiro wata dabara: tauraron ba ɗan Adam ba ne, don haka idan jikinsa ya gaza yakan sabunta shi da sabuwar fuska da sabon hali. Da haka Patrick Troughton ya gaje shi. Najeriya ma tana da ruwa da tsaki a tarihin: a 2013 an sanar da gano kashi tara na zamanin Troughton da suka ɓace daga rumbun BBC, a ajiye a wani gidan talabijin da ke Jos.

Dabarar ba ta kashe ƙorafi ba. An dakatar da shirin a 1989, aka farfaɗo da shi a 2005. Da aka sanar da Jodie Whittaker a 2017 a matsayin mace ta farko da za ta ja ragamarsa, masoya sun rabu gida biyu. Haka aka yi da Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, ya karɓa a 2023, shekarar da kamfanin Disney ya shigo da kuɗinsa. Sai dai mai kallon Doctor Who ya shiga ne da sanin cewa fuskar za ta sauya wata rana. Mai kallon Labarina ba a yi wannan alƙawari da shi ba.

A nan ne batun ya wuce nishaɗi ya shafi masu tsara manufofi. Shiri mai dogon zango yana rayuwa ne a kan talla da kuɗin da YouTube ke biya gwargwadon yawan kallo. Furodusan da ke neman kuɗin zango na gaba daga ribar wanda ya wuce ba zai iya ɗaure jarumi da yarjejeniyar shekaru ba, marubucinsa kuma ba zai iya tsara ƙarshen labari tun daga farko ba. Ga kuma yawan masu sa ido. A Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa hujjar cewa ba a kai su an tace ba kafin a sake su. Hukumar tana da dokarta tun 2001, amma hukuncinta ya shafi mai kallo a Minna, wanda ba ɗan Kano ba ne, alhali akwai hukumar tace fina-finai ta tarayya da aka kafa a 1993.

Gwamnatin tarayya ta samar da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, ta kuma keɓe ma'aikata domin tattalin arzikin fasaha a shekarar. Abin da ya rage shi ne aikin da ba ya jan tafi: samfurin yarjejeniya tsakanin furodusa da jarumi, bashi mai sauƙi da zai ɗauki nauyin zango biyu ko uku a tare, da fayyace iyakar hurumin hukumar jiha da ta tarayya kan abin da ake sakawa a intanet.

Su ma masu shirya fim akwai nasu kason. Labarin da aka jingina da fuskar mutum ɗaya kamar rumfa ce mai dirka ɗaya. Mai kallon da ya sayi data da kuɗin guminsa, ya jira wuta ta dawo don ya ga kashi na gaba, yana da haƙƙin a sanar da shi inda aka dosa. Ƙorafinsa alama ce ta cewa har yanzu yana nan. Ranar da ya kamata furodusa ya tsorata ita ce ranar da aka sauya jarumi, majalisa ta ci gaba da hirar ƙwallo.