Batsa a waya: Shirun coci ba magani ba ne

A Sakkwato, matashin Kirista kan halarci sujada ranar Lahadi, da dare kuma ya shige ɗaki yana kallon batsa a waya. Yau ya tuba, gobe ya koma. Kunya ta hana shi faɗa wa kowa.

A ganina, addu'a a ɓoye kaɗai ba ta isa ba. Yusufu bai tsaya gardama da matar Fotifar ba, gudu ya yi ya bar rigarsa (Farawa 39). Gudun yau shi ne raba waya da gado, toshe shafukan, da samun amini mai riƙe sirri.

Fastoci kuma su rage tsawa. Wanda aka kunyata daga mumbari ba zai sake buɗe baki ba.