Laka a Landan Fasaha ce, a Gagarawa Talauci?

'Yan'uwana ɗalibai, kwanan baya aka tara mu a wani ɗakin lacca aka nuna mana hotunan ayyukan masu fasahar Ingila na wannan zamani, irin waɗanda ake ƙera su domin wuri guda tak, mutum ya shiga cikinsu su kewaye shi. Na ga 'yan boko sun saki baki suna ta kaɗa kai. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni.

Ga abin da aka nuna. Richard Long, mutumin Bristol, yakan ɗebo lakar kogin Avon ya shafa ta da tafin hannu a bangon gidan nuni, har ya ci Kyautar Turner a 1989. Rachel Whiteread kuma, a 1993, ta sami wani tsohon gida da za a rushe a gabashin Landan, ta feshe cikinsa da kankare, sannan aka ɓare bangayen waje, sai ga siffar ɗakunan tsaye a fili, har da gurbin taga da murhu. Ranar da aka ba ta Kyautar Turner, ran nan hukumar unguwar ta yanke shawarar rushe shi, aka kuwa rushe a Janairun 1994.

Ban da ta cewa ga waɗannan mutane. Sun dubi ƙasarsu ne: kogin garinsu, da gidajen ma'aikatansu masu ƙarewa. Rigimata da mu ce.

Ni ɗan Gagarawa Tasha ne, garin da ya tashi a bakin layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka gama a 1930. Na taso ina ganin yaɓe kafin damina, magini yana bin bango da hannu yana barin sawun yatsunsa. Na shiga ɗakin amarya inda jere ya hau bango tun daga ƙasa har rufi, tasa da kwalla da fanteka, kowace da mazauninta, haske na wasa a kansu har mutum ya rasa inda zai ajiye ido. Ka kwashe jeren nan ka zuba a buhu, tarkace ne kawai. Ashe ba wannan ne ainihin abin da ake koya mana da dogon Turanci ba? Amma wa ya taɓa kiran gwaggonmu mai fasaha?

Wani zai ce ai waɗannan kayan amfani ne, ba a yi su don tunani ba. To, ya je Zariya. A zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen 1830 zuwa 1840 da 'yan kai, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a da laka da azara, da bakan gizo masu ɗauke da rufi, wanda masana gini na duniya suke zuwa aunawa. Sai a ce mai wannan aiki bai yi tunani ba? Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, sun riga sun yi wannan faɗa da malamansu Turawa. Mu ne muka dawo da hannun agogo baya.

Na yarda ginin ƙasa yana da wahala. Yana son yaɓe kowace shekara, kuma mamakon ruwa kan ci shi. Talakan da ya sami halin bulo da kwano ba zan zarge shi ba. Wanda nake zargi shi ne ɗan'uwanmu da ya kama aikin gwamnati jiya, yau ya sa hannu a rushe tsohon zaure ba ko hoto, gobe ya dawo daga kwas a Landan yana ba mu labarin laka a bango.

Tun da farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya cinikin da ya raya tashoshinmu, dattawan da suka yi dakon buhunan nan suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai: hutun nan mai zuwa a tura masu koyon zane da gini zuwa Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar da Gagarawa. Su zauna gaban magina a matsayin almajirai, su auna zaurukan da suka rage, su rubuta sunan wanda ya gina kowanne. In an yi nuni, a yi shi a bakin tasha, ranar kasuwa.