Wanda Ya Ajiye Ƙwallo Ya Ɗauki Usur Bai Faɗi Ba

'Yan'uwa malamai, akwai wata magana da ke yawo a ɗakunan malamai na birnin Sakkwato, wadda ya wajaba mu ƙaryata. Idan matashin da ya yi suna a ƙwallon kwando a kwaleji ya dawo firamare yana horar da yara, sai a riƙa raɗa ana cewa wasa ya ƙi shi. Wannan magana rashin adalci ce, kuma rashin sanin tarihin wasan ce.

Malami ne ya ƙirƙiro ƙwallon kwando. James Naismith, malamin motsa jiki a garin Springfield na Amurka, shi ya tsara shi a 1891 domin ɗalibansa su sami abin yi a cikin ɗaki lokacin sanyi. Wasan da aka haifa a hannun malami, yaya komawarsa hannun malami za ta zama faɗuwa?

Mu dubi Zariya. A can Masai Ujiri ya tashi, ya koyi wasan a hannun Oliver Johnson, kocin Jami'ar Ahmadu Bello. Ya buga wa kwalejin Bismarck a Amurka, ya buga a Turai, da ya ajiye ƙwallo a 2002 sai ya koma horar da matasa a Najeriya. A 2019 shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ɗauki kofin NBA. Tun farko koci ya ɗora shi a hanya, shi ma da horarwa ya soma sabuwar rayuwa. Haka Rena Wakama, wadda ta buga wa Jami'ar Western Carolina, ta yi mataimakiyar koci a kwalejin Manhattan, sannan ta karɓi ƙungiyar matan Najeriya a 2023. A shekarar ta ci kofin Afirka, a 2024 kuma ta kai 'yan wasanta cikin ƙasashe takwas na ƙarshe a gasar Olamfik ta Faris, matakin da wata ƙungiyar Afirka ba ta taɓa takawa ba.

Masu ja da mu za su ce iya wasa daban, iya koyar da shi daban. Gaskiya ne. Iya ruwa fid da kai, shi kuwa koci wasu yake fitarwa. Amma wannan hujja tamu ce. Wanda ya buga wa Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari wasa, ya kuma fito da takardar NCE bayan shekara 3 da gwajin koyarwa, ya haɗa biyun: ya san ƙwallo, ya san yaro. To me muke yi da shi? Mu cika masa jadawali da darussan da bai karanta ba, sa'ar motsa jiki kuma mu mayar da ita ta sharar harabar makaranta. Daga baya mu zauna muna tambaya me ya sa yaranmu ba sa fice. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da reshenmu ya kamata ya tsaya a kansa a fili yake. A bar wa darasin motsa jiki sa'arsa, kuma da safe, kafin ranar Sakkwato ta buɗe. A kafa turke da allo da zobe, aikin da mai walda na unguwa zai iya. Horon da malami ke bayarwa bayan la'asar a lissafa shi cikin aikinsa, a daina ɗaukarsa a matsayin sadaka. Masu himma a tura su kwas ɗin horarwa a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. A fara da malamai mata, domin iyaye da yawa ba za su bar 'ya'yansu mata su shiga fili ba sai sun ga mace ce ke riƙe da usur.

Shekarun ɗan wasa ƙidayayyu ne, gwiwa na gajiya. Abin da ya sani kuwa yana iya wucewa zuwa ga ɗaruruwan yara, muddin mu abokan aikinsa muka daina yi masa dariya, muka ba shi fili.