Mai ciwon suga in kwanciya ta yi nisa: a sassauta masa doka

Alƙaluman hukumar lafiya ta duniya OMS sun nuna masu ciwon suga sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. Amma duk ranar 14 ga Nuwamba da ake taron wannan cuta, maganar rigakafi ake yi. Ba a cika tuna tsohuwar da likita ya sallamo gida, ya ce wa ƴaƴanta sai dai addu'a ba.

A nan ne iyalai da dama ke kuskure, kuma da kyakkyawar niyya. Uwa ta shekara goma ana hana ta fura da dabino, yanzu cokali biyu na kunu ma da ƙyar take haɗiyewa, amma ba a fasa ba ta ƙwayar Daonil safe da yamma. Wannan magani sauke suga yake, ko an ci ko ba a ci ba. In awo ya faɗi ƙasa da 0,70 g/l, sai zufa, rawar jiki da sambatu, har suma. Jama'a su taru ana salati, ana cewa gargara ce, alhali sukari ƙwaya uku cikin ruwa kan iya dawo da ita. Wadda ba ta iya haɗiya kuwa ba a yi mata ɗure, zuma ake shafa mata a cikin kumatu, a nemo ma'aikacin lafiya.

Tsananta doka dai don gudun makanta da ciwon ƙoda na shekaru masu zuwa ake yin sa. Shi ya sa a Ingila ake barin awon masu irin wannan kwanciya tsakanin kusan 1,1 da 2,7 g/l, a rage huda yatsa, a ba mutum abin da ransa yake so. In ƙishirwa da yawan fitsari sun dame shi, a nan ne sugan ya wuce kima.

Sai dai rage magani aikin likita ne, ba na maƙwabciyar rumfa ba. Wanda ke rayuwa da allurar insulin tun yarinta ba a yanke masa ita gaba ɗaya, ko ya daina cin abinci.

A 2014 ƙasashen OMS suka amince kulawa da mai jinyar ƙarshe ta shiga aikin kiwon lafiya na yau da kullum. A unguwannin Maraɗi da Damagaram kuwa, ƴar da ta rufe rumfarta ta zauna jinya ce ke ɗauke da aikin, kuma daga jarinta ake sayen maganin. Ranar sallama ta tsare likita ta tambaye shi: wace ƙwaya za a daina in Inna ta ƙi abinci?